Katalis da Enzayim: Duk Acca Hatsi Ce, Amma Ba Duk Hatsi Ne Acca Ba

Sa'ad da kwamitin mujallar makaranta ya ce in rubuta wani abu a sashen Hausa na bana, na so in yi wa 'yan ajin ƙarshe irin gargaɗin da aka saba, wato su riƙe tarbiyya, su guji miyagun abokai. Amma na tabbata wasu malamai za su yi wannan fiye da ni. Don haka na zaɓi in yi magana a kan kalmomi biyu da suka sa wata ɗalibata ta rasa maki, suka kuma nuna mini cewa akwai gyara a yadda nake koyarwa. Kalmomin su ne katalis da enzayim. Ta fari mukan gamu da ita a ajin kemistiri. Ta biyun kuwa a ajin bayoloji muke jin ta, amma ainihin gidanta shi ne bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke cikin jikin masu rai.

Yadda maganar ta taso

A jarrabawar gwaji ta zangon karatu na biyu, na tambayi 'yan aji shida aikin da baƙin garin nan, manganis dayoksaid, yake yi sa'ad da ake haɗa iskar oksijin a ɗakin gwaje-gwaje. Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ta rubuta cewa shi ne enzayim ɗin da ke sa aikin ya yi sauri. Na ja jan biro a kai, maki biyu suka tafi.

Kashegari sai ga ta a ɗakin malamai, riƙe da littattafanta biyu, na kemistiri da na bayoloji. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Malam, don Allah a duba mini. A nan kun ce katalis abu ne da ke hanzarta sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A nan kuma Malama ta ce enzayim abu ne da ke hanzarta sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da muka ce ba mu gane ba, ku duka biyu kuka yi mana bayani da Hausa, kuka ce sinadari ne da ke sa abu ya yi sauri. To, Malam, ina laifina?"

Na ce, "'Yata, amsarki ba daidai ba ce, kuma ba zan mayar miki da makin ba. Amma laifin ba naki ba ne ke kaɗai."

Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu ke nan. Kalmar ƙwararru ba ado ba ce da ake sa wa kalmar gama-gari don ta yi kyau. Ƙaramin ɗaki ce a cikin babban gida, kuma tana da sharuɗɗan shiga. Idan uwa ta aiki yaro kasuwa ya sayo acca, ya dawo da masara ya ce ai duk hatsi ne, bai yi ƙarya ba, amma bai yi aike ba. Idan kuma ya kira masarar acca, to, ya yi ƙarya. Ɗalibata kuskure na biyu ta yi.

Babbar kalma: katalis

Bari mu fara da babban gidan. A shekarar 1835 wani masanin kemistiri ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, ya lura cewa akwai sauye-sauye da yawa da ba sa tafiya da sauri sai wani abu na uku yana wurin, kuma abin nan na uku yakan fito yadda ya shiga. Shi ne ya laƙaba wa wannan aiki suna daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar kwancewa, daga nan kuma aka sami kalmar katalis.

Ni nakan kwatanta katalis da dillali. Mai saniya yana so ya sayar, mai kuɗi yana so ya saya, amma in aka bar su su kaɗai sai kasuwa ta tashi ba su daidaita ba. Dillali ya shiga tsakani, ciniki ya faɗa nan da nan, shi kuwa ya juya ya nemi wani cinikin. Bai tafi da saniya ba, bai zama mai ita ba. Bambancin kawai shi ne katalis ba ya karɓar la'ada. Ku lura kuma, dillali ba ya iya ƙulla cinikin da ba mai so. Haka katalis ba ya sa abin da ba zai yiwu ba ya yiwu, ba ya kuma ƙara yawan abin da za a samu a ƙarshe in aka bar sauyin ya kai matsayarsa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wata hanya mai sauƙi. Kowane sauyi yana da tudun da sai an hau kafin a gangara, katalis kuwa yakan nuna hanyar da tudunta bai kai wancan tsawo ba.

Wannan gida yana da faɗi sosai. Baƙin ƙarfe katalis ne a masana'antar takin zamani. Ƙarfen nikel katalis ne wajen daskarar da man tsirrai ya zama majarin. Filatinam da 'yan'uwansa suna cikin salansar motocin zamani, suna rage gubar hayaƙi. Ruwan asid ma katalis ne a sauye-sauye da dama. Kalmar ba ta tambayar daga ina abu ya fito, ko da me aka yi shi. Aikinsa kawai take dubawa.

Ƙaramar kalma: enzayim

Enzayim kuwa katalis ne wanda ƙwayoyin halitta na masu rai suke ƙerawa, kuma kusan dukansu furotin ne. A 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ciro wani abu daga tsiron sha'ir wanda ke mai da sitaci sukari. A 1877 wani Bajamushe, Kühne, ya fara amfani da kalmar enzayim, wadda a Girkanci take nufin abin da ke cikin yisti. Kun ga tun daga sunan, kalmar tana nuna inda abin ya fito. Manganis dayoksaid kuwa ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. Ba wata ƙwayar halitta a jikinmu da ta ƙera shi, ba kuma furotin ba ne. Saboda haka yana cikin babban gida, amma ba shi da izinin shiga ƙaramin ɗaki.

Gani ya kori ji

Da na ga bayanin baki ne ya jawo ruɗanin, sai na roƙi Malamar bayoloji mu haɗa ajin wuri ɗaya. Muka sayo ruwan haidirojin feroksaid a kyamis, wato ruwan nan da ke kumfa in an zuba a kan rauni. Muka karɓo 'yar hanta ɗanya daga mahauta. Muka jera kwalaben gwaji guda biyar, kowace da ruwan a ciki.

Ta fari muka bar ta haka nan. Da ƙyar ake ganin ko ɗigon kumfa, gama ruwan yana rabuwa ya zama ruwan sha da oksijin, amma a hankali ƙwarai. A ta biyu muka zuba manganis dayoksaid kaɗan, sai kumfa ta taso. A ta uku muka jefa ɗan yankin ɗanyar hanta, kumfa ta yi ambaliya har kan tebur. Muka kusantar da tsinke mai garwashi a bakin kwalaben biyu, wuta ta sake kamawa a kowace, alamar oksijin ke nan. Har zuwa nan, ɗalibata tana da gaskiya: aiki ɗaya, sakamako ɗaya.

Sai muka dafa wani yankin hantar a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, muka kuma gasa garin manganis a kan wuta. Da suka huce, muka zuba garin a kwalba ta huɗu. Kumfa ta taso kamar ba a taɓa shi ba. Muka jefa dafaffiyar hanta a ta biyar. Shiru. Ajin ma ya yi shiru, sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ta mutu!"

Abin da ke aiki a cikin hanta wani enzayim ne mai suna katales. Ku kula da wasalin ƙarshe, kada ku haɗa shi da katalis. Yana cikin jininmu ma, shi ya sa rauni ke kumfa. Ɗaya tak daga cikinsa yana iya farfasa miliyoyin ƙwayoyin feroksaid a daƙiƙa guda. Amma duk da wannan ƙarfi, tafasa ɗaya ta gama da shi.

Abubuwa uku da ƙaramar kalma ta ƙara

Na fari, enzayim yana aiki ne da siffarsa. Furotin doguwar sarƙa ce da ta naɗe kanta ta wata hanya ta musamman, ta bar wani ɗan gurbi inda aikin ke gudana. Zafi mai yawa yakan warware naɗin, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa in an dafa, ba ya kuma komawa ruwa. Tsami ma haka. Amiles, enzayim ɗin da ke cikin miyau, yana aiki a baki inda babu tsami, amma da abinci ya isa ciki ya gauraya da asid sai aikinsa ya tsaya. Fefsin kuwa, wanda ke narkar da furotin a ciki, a cikin wannan asid ɗin ne yake jin daɗin aiki.

Na biyu, enzayim yana da zaɓe. A 1811 wani masani mai suna Kirchhoff, a ƙasar Rasha, ya tafasa sitaci da ruwan asid ya sami sukari. Ku ma in kuka daɗe kuna tauna burodi za ku ji ya soma zaƙi, gama amiles yana yin irin wannan aiki a bakinku, ba tare da tukunya ko wuta ba. Amma asid mai zafi ba ruwansa da zaɓe. Zai farfasa sitaci, ya farfasa furotin, in ya yi ƙarfi ya farfasa har selulos, wato abin da ya gina jikin ciyawa da auduga. Amiles kuwa sitaci kaɗai ya sani. Abin mamaki, sitaci da selulos duka biyu da sukari iri ɗaya aka gina su, gulukos, sai dai ƙullin da ya haɗa su ya bambanta. Wannan ɗan bambanci shi ya sa mutum ke ƙoshi da tuwo amma ba zai rayu da ciyawa ba. Saniya ma ba da ƙarfinta take narkar da ciyawa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke da enzayim ɗin. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta wannan da kwaɗo da makullinsa. A 1958 Koshland ya gyara kwatancin, ya ce gurbin yakan ɗan lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo, kamar yadda hannu ke lanƙwasa ya kama ludayi.

Na uku, enzayim yana yin babban aiki a cikin yanayi mai sauƙi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cin ta haka nan. A 1909 Fritz Haber ya nuna yadda za a haɗa ta da haidirojin a sami amoniya, a 1913 kuma Carl Bosch ya kafa masana'antar farko a Jamus. Har yau da wannan hanya ake samun takin yuriya. Katalis ɗin baƙin ƙarfe ne, kuma yana bukatar zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyas, da matsin iska kamar ninki 200 na wanda muke zaune a ciki. Yanzu ku je gona ku tumɓuke gyaɗa ko wake. Za ku ga 'yan ƙuraje kamar ƙwayar dawa a jikin saiwar. A cikinsu akwai bakteriya masu wani enzayim, naitirojines, wanda ke yin wannan aiki a ɗumin ƙasar damina. Shi ma akwai baƙin ƙarfe a cikinsa, amma furotin ya kewaye shi. Ba kyauta yake aikin ba, shukar tana biyan bakteriyan da sukari mai yawa. Kakanninmu da suke haɗa dawa da wake a gona ɗaya sun ci moriyarsa tun ba a raɗa masa suna ba.

Kuskuren ɗaya gefen

Mu koma ga yaron da ya ce hanta ta mutu. Shi ma ya yi kuskure, kuma nasa ya fi tsufa. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa zafi yana kashe enzayim, kamar wani ɗan ƙwaro ne. Enzayim ba shi da rai. Ba ya ci, ba ya haihuwa, saboda haka ba ya mutuwa. Siffarsa ce take lalacewa.

Kada yaron ya ji kunya, gama manyan masana sun daɗe a kan wannan gardama. Louis Pasteur, duk da girmansa, ya tsaya a kan cewa sukari ba ya tsimuwa sai da yisti mai rai. A 1897, bayan rasuwarsa da shekara biyu, Eduard Buchner ya niƙa yisti da yashi har ƙwayoyin suka farfashe, ya matse ruwan, ya zuba masa sukari. Ruwan nan da babu ƙwaya mai rai a ciki ya tsima sukarin. Ya sami kyautar Nobel a 1907. A 1926 kuma James Sumner, na Jami'ar Cornell a Amurka, ya ciro enzayim ɗin yuriyes daga wani irin wake, ya tsarkake shi har ya daskare kamar ƙwayoyin gishiri, ya nuna cewa furotin ne. Wannan mutum ya rasa hannunsa ɗaya tun yana saurayi, kuma masana da yawa sun ƙi yarda da shi shekara da shekaru, amma a 1946 aka ba shi Nobel. Yau ana zuba enzayim a garin sabulun wanki don ya cire tabon jini da na miya. Abin da ke zaune a leda a kan kanta ba mai rai ba ne.

Kurakuran biyu ke nan. Ɗaya ya rushe bangon ɗaki ya ce duk gida ɗaya ne. Ɗaya ya cire ɗakin daga gidan gaba ɗaya, ya ce dokokin kemistiri ba su shafe shi ba. Dokar da ta hau kan baƙin ƙarfe ita ce ta hau kan amiles: ya rage tudu, ya fito yadda ya shiga.

Ba maganar jarrabawa kaɗai ba ce

Wataƙila iyaye da ke karanta wannan su ce, wannan ai rigimar 'yan boko ce. A'a, maganar tana cikin madafi da gona.

Ku dubi mai kunun zaƙi. Takan raba ƙullunta biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta bar shi ya ɗan sha iska, sa'an nan ta zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da busasshen dankali ko tsiron hatsi. Kunun da ya yi kauri sai ya saki, ya yi zaƙi. Amiles na dankalin ko na tsiron ne ya mai da sitaci sukari. In ta yi garaje ta zuba tun ƙullun yana tafasa, ta ƙona ma'aikacinta. Wanda ya ɗauka cewa ƙarin zafi kullum ƙarin sauri ne, kamar yadda ya saba gani a ajin kemistiri, zai ɓata kunun. Mai naɗe nama a ganyen gwanda don ya yi taushi, ita ma da enzayim take aiki.

Ku dubi rogo mai ɗaci, inda maganar ta zama ta rai da mutuwa. A cikinsa akwai wani sinadari, linamarin, da kuma enzayim ɗin da ke farfasa shi, amma kowanne yana zaune a wurinsa dabam. In aka goge rogon ko aka jiƙa shi kwanaki, sai su haɗu, linamarin ya farfashe ya saki gubar sayanaid, gubar kuma ta fice ta hanyar matsewa da shanya da suya. Hikimar da ke cikin yin garin rogo ke nan. Amma wanda ya yi sauri ya jefa manyan gutsattsarin rogo mai ɗaci a tukunya, yana tsammani wuta za ta gama komai, zai lalata enzayim ɗin tun bai gama aikinsa ba, sauran linamarin kuma ya tafi ciki. A wasu sassan Kwango da Mozambik, cin rogo mai ɗaci da ba a sarrafa sosai ba a lokacin fari ya jawo cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo.

Ku dubi kuma takin yuriya. Katalis na ƙarfe ne ya taimaka aka yi shi, amma a gona enzayim ne ke jiran sa. Yuriyes ɗin nan na Sumner yana cikin ƙasa, ƙananan halittu ne ke ƙera shi, yana kuma mai da yuriya amoniya. In aka watsa takin a sarari aka bar shi, wani kaso yakan bi iska. Dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne shi ke nan. A tsadar taki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da masu musu za su ce

Wani abokin aikina ya ce mini, "To, ai sai yara su riƙa rubuta katalis ko'ina, ba za su taɓa faɗuwa ba." Gaskiya ne, wanda ya kira amiles katalis bai yi ƙarya ba. Amma in likita ya tambayi abin da ya ciji yaro aka ce masa dabba ce, bai sami abin da zai yi aiki da shi ba. Wanda ya ji kalmar enzayim ya riga ya san ya kula da zafi, ya kula da tsami, ya tambayi abin da yake zaɓa. Kalma ɗaya ta ɗauko masa gargaɗi uku.

Musu na biyu ya fi ƙarfi. Za a ce ai akwai enzayim da ba ya tsoron zafi. Haka ne. Akwai bakteriya da ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, kuma enzayim ɗin ɗaya daga cikinsu yana jure zafin da ya kusa tafasa. Da irinsa aka yi gwajin cutar korona a 2020. Za a ce kuma ba duk enzayim ne furotin ba. Wannan ma haka ne, gama Thomas Cech da Sidney Altman sun gano cewa wasu ƙwayoyin RNA suna yin aikin katalis, suka sami Nobel a 1989. Katalis na ƙarfe ma yana lalacewa, alal misali dalma takan kashe aikin filatinam na salansar mota. Duk na yarda. Amma abin da waɗannan suka koya mini shi ne in bambanta ma'anar kalma da halinta na yau da kullum. Ma'anar enzayim ita ce katalis da ƙwayar halitta ta ƙera, babban ƙulli mai naɗi da gurbin aiki. Tsoron zafi hali ne na yawancinsu, ba shi ne ma'anar ba. Raƙumi ba ya shan ruwa kullum, amma wannan bai fitar da shi daga cikin dabbobi ba.

Musu na uku game da harshenmu ne. Wasu za su ce me ya sa ba za mu nemo kalmomin Hausa zalla ba? Ina son Hausa, da ita nake rubutun nan. Amma mun ɗora wa kalmar sinadari kayan da suka fi ƙarfinta. A rediyo gishiri sinadari ne, bitamin sinadari ne, guba ma sinadari ce. Kalmar da ke nufin komai ba ta koya wa yaro komai. Harshen da ya karɓi mota da asibiti da sitaci bai rage daraja ba, ba kuwa zai rage ba don ya karɓi katalis da enzayim. In za mu yi bayani, mu ce katalis shi ne mai hanzarta sauyi, enzayim kuma mai hanzarta sauyi ne wanda jikin mai rai ya ƙera. Kada mu yanke rabin jimlar don sauri, kamar yadda ni da Malama muka yi.

Shawarata

Ga 'yan'uwana malamai: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibi kansa ɗaya ne, ko da yake jadawali ya raba masa kemistiri da bayoloji. Mu duba littattafan juna, mu kuma yi gwajin hanta tare tun a aji huɗu. Kuɗinsa bai kai na kwalin alli ba.

Ga ɗalibai: duk sa'ad da kuka gamu da sabuwar kalma, ku yi mata tambaya uku. A ƙarƙashin wace babbar kalma take? Me ta ƙara a kai? Wane misali ne ya shiga babbar amma bai shiga ƙaramar ba? Ku gwada da folima da furotin. Folima doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi, furotin kuwa sarƙa ce ta amino asid, saboda haka leda folima ce amma ba furotin ba ce. Ku gwada da ƙonewar itace da yadda jiki ke ƙona sukari. Duka biyu oksijin suke ci, su fitar da ƙarfi, amma jiki yana yin nasa mataki mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, a digiri 37. Wanda ya kasa amsa tambaya ta uku bai riga ya san kalmar ba, haddace ta kawai ya yi.

Ga iyaye: in yaro ya dawo hutu, ku sa shi ya bayyana muku da Hausa abin da ya sa ake jiƙa rogo, ko abin da ya sa ake binne yuriya. In ya ce muku wani sinadari ne, ku tambaye shi, wanne?

Ɗalibata ba ta sami makinta biyu ba. Amma ita ce ta roƙa a bar ta ta maimaita gwajin a gaban 'yan aji huɗu, kuma da wani ya ce hanta ta mutu, ita ta gyara masa kafin in buɗe baki. Na gode mata da ta zo da littattafanta biyu maimakon ta yi gunaguni a ɗakin kwana. Ku 'yan ajin ƙarshe, waɗansunku za su zama ma'aikatan jinya, waɗansu malaman gona, waɗansu masu haɗa magani. A can za ku tarar da kalmomi masu kama da juna fiye da waɗannan, kuma ba maki biyu ne za a rasa ba in aka musanya su. Matambayi ba ya ɓata. Ina yi muku fatan alheri, ku sauka lafiya.